Baƙar Miyar Pan Hipolit

Ruwan sama ne ya koro Witek cikin gidan abincin. Ƙaramin wuri ne a bayan kasuwar garin Kalisz, tebura kaɗan, ko'ina ƙamshin soyayyiyar albasa. A bakin tagar kicin wata budurwa na naɗe pierogi, ƙullin fulawa mai haɗi a ciki, hannunta duk fulawa.

"Me za a kawo wa Pan?" ta tambaya, da lafazin girmama namiji na can.

"Abin da kike naɗewa."

"Na dankali da cuku ne. Pan baƙo ne, ko? Harshen ya ɗan karkace."

"A nan aka haife ni. A Ireland na girma."

"Ayya. Shi ya sa ka rame."

Sunanta Bogna, 'yar mai wurin. Washegari ba a yi ruwa ba, amma Witek ya dawo. A kantin magani na tsallaken titi yake aiki, don haka kullum da rana yana da hujja. Kafin dusar ƙanƙara ta sauka ta daina ce masa Pan, ta koma Ɗan Ireland. Shi kuma yana ce mata 'yar kwaɗona, yadda samarin garin ke kiran 'yan matansu.

"'Yar kwaɗona, me aka dafa yau?" zai rubuto mata a waya.

"Naɗin kabeji da nama. Yi sauri, Baba ya tafi kasuwa."

Baban, Pan Hipolit, bai so zancen ba ko kaɗan.

"Wanda ya taɓa tafiya zai sake tafiya," ya ce mata. "In ya kwashe ki zuwa can, wa zai riƙe wurin nan? Ga Romek, ɗan gida. Tun yana yaro ubansa ke kawo mana agwagi."

"Baba, Romek hirar mota kawai ya iya."

"Motar ai tasa ce."

Wata Lahadi Witek ya sa kwat, ya sayo furanni ya miƙa wa Kaka Leokadia, mahaifiyar Pan Hipolit, ya zauna cin abinci da niyyar neman aure. Pan Hipolit ya zuba wa kowa romon kaza. Witek kaɗai ya ajiye wa czernina, baƙar miyar nan ta jinin agwagwa mai tsami da busassun 'ya'yan itace.

Bogna ta sandare. Tun kaka da kakanni, saurayin da aka ba baƙar miya an ce masa a'a ke nan ba tare da an buɗe baki ba. Bisa al'ada, sai saurayin ya ajiye cokali, ya ɗauki hularsa ya fita.

A Ireland ba wanda ya gaya wa Witek haka. Ya shanye, ya suɗe kwanon da burodi.

"Pan Hipolit, akwai ƙari?"

Tsohon ya tsaya yana kallonsa. Shekara da shekaru yana dafa miyar nan yadda ubansa ya koya masa, masu saye sun ragu, Bogna ko ɗanɗanawa ba ta yi. Ya juya ya ƙaro masa. Daga nan ya shige kicin bai sake fitowa ba, maganar aure ba ta samu shiga ba.

Da safe wata tsohuwa ta zo sayen maganin gwiwa, tana ganin Witek ta kama dariya har da riƙe kanta. Labarin ya zaga layin kaf. Ita ce ta fassara masa abin da ya sha.

Makon nan bai tsallaka titi ba. Ya rubuta wa Bogna: "Kina zaune aka mai da ni abin dariya, ba ki ce komai ba."

"Ƙafarka na yi ta takawa a ƙarƙashin tebur har tawa ta gaji."

"Na ɗauka soyayya ce."

"Wawa. Ashe kwanon miya ya isa ya raba ka da ni? Romek na nan tun safe, yana ba ni labarin taya."

Lahadi da rana wurin ya cika maƙil, har Romek na nan. Witek ya shigo ya zauna a teburin tsakiya.

"Pan Hipolit, baƙar miya nake so. Yanzu na san abin da take nufi. Duk Lahadi zan zo in sha, har agwagin Romek su ƙare. Kuma ba inda zan kai Bogna. Na ga waje da idona, ba su iya miya ba."

Kaka Leokadia ta ɗago daga dankalin da take ferewa.

"Hipolit, al'ada cewa ta yi ya ajiye cokali ya fita. Wannan bai ajiye ba. Ba ka kore shi ba, ciyar da shi ka yi." Ta juya. "Kai Romek, a zubo maka?"

"A'a, Kaka, cikina ba ya ɗauka."

Wurin ya kwashe da dariya. Pan Hipolit bai yi ba. Ya shiga kicin ya daɗe. Da ya fito, romon kaza da taliya ne a hannunsa, miyar da ake buɗe walimar aure da ita. Ya dangwarar da shi gaban Witek.

"Baƙar ta ƙare. Wannan ce ta rage."

"Baba, tukunyar fa cike take," in ji Bogna.

"Na ce ta ƙare. Koma bakin aikinki."

Bayan Ista aka ɗaura aure a coci, aka dawo gidan abincin. A bakin ƙofa Pan Hipolit da Kaka suka tari ango da amarya da burodi da gishiri.

"Me kika zaɓa," Kaka ta tambayi amarya, "burodi, gishiri, ko ango?"

"Duka, Kaka. Angon ya nemo sauran."

Pan Hipolit ya ɗora hannu a kansu.

"Allah kada ya raba gidanku da burodi, ya ba ku 'ya'ya masu ci. To, ku shige, miya na hucewa."