Farin Tawul ɗin Jael

Jikokina, ku matso ku ji wani labari. Mama Phoebe ta ture kwanon tuwo gefe kamar an zuba masa ƙasa.

"Hananiya, hannun da ya tuƙa tuwon nan shi ne mai wanke ƙafafun mutane?"

Ba ta daɗe da sauka Doha ba. Daga Kafanchan ta taso takanas don ta ga Jael, yarinyar da ɗanta Hananiya zai aura, ga shi tun a falonsa na unguwar Al Muntazah magana ta lalace.

"Mama, nas ce fa. Gida-gida take bi tana kula da masu ciwon suga."

"Nas mai allura na sani, wannan wankin gyambo ne! Ko ta koma ofis, ko ka nemi wata uwar ta sa muku albarka!"

Jael da ta kawo tuwon ta durƙusa.

"Ki yi haƙuri, Mama. Ranar da muka gama jami'ar mishan, ni da shi, kowa an ɗora masa farin tawul a kafaɗa. Aka ce Yesu ya wanke ƙafafun almajiransa, mu ma mu je mu yi. Ba zan iya ajiye shi ba."

Ta fita tana kuka. Hananiya ya bi ta har bakin lif.

"Please Jael, ki nemi aikin ofis ɗin, shi ke nan, a wuce wurin!"

Ta share ido ta dube shi. "Naka tawul ɗin yana ina?"

Tunda ya samu aikin gyaran injin jakunkuna a filin jirgin Hamad, nasa tawul ɗin yana can ƙasan akwati.

Ran Juma'a, ranar zuwa coci a Doha, bayan an tashi, ya ce wa Mama su biya unguwar Al Mirqab dubiyar Hajiya Ajaratu, mahaifiyar abokinsa Injiniya Abdulbaqi. Ya san wa za su tarar, amma bai faɗa mata ba.

Tun a ƙofa wari ya tare su. Abdulbaqi na tsaye a waje, idonsa jawur.

"Uwata ce, Mama, amma wallahi in an kwance ƙafar ba na iya tsayawa."

Suka leƙa. Ga Jael a ƙasa gwiwa biyu, tawul ɗin nan da ya koɗe a kafaɗarta, tana wanke ciwon a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Ko yatsine babu.

"Hajiya, kin sake satar dabino ko?"

"Ɗaya tak, 'yar nema! Ke ba a ɓoye miki komai?" Tsohuwar ta juyo ga baƙi. "Da har an fara zancen yanke ƙafar. Yarinyar nan ta duƙufa, ga nama yana tsirowa. Addininmu daban, amma ba na sallah ban sa ta a addu'a ba."

Hananiya ya ga uwarsa ta dafa bango, ita da ba a taɓa rufe mata baki ba.

Da yamma Mama da kanta ta ce a kira Jael. Ta zauna, ta zare safar da take fama da ita duk zafin Doha. Ashe gyambo ne a diddigenta, ta daɗe tana ɓoyonsa don kunya, ko ɗanta bai sani ba.

"'Yata," ta ce, hawaye na zuba, "ƙyamar kaina nake ji, na huce a kanki. Za ki duba mini?"

Jael ta riga ta durƙusa. Hananiya ya ruga ya kawo ruwan ɗumi, ya zazzage akwati ya ɗauko nasa tawul ɗin, ya durƙusa kusa da ita. Mama ta ɗora hannu a kawunansu.

"Ku sa rana. Na sa albarka."

To jikokina, kun ji. Jael ba ta yi wa babba rashin kunya ba, ba ta kuma yar da aikin da Allah ya ba ta ba. In za ku yi aure, ku duba wanda zai iya durƙusawa gaban ƙafarku ranar da take wari.