Albishirin da Ba Nasa Ba

Ina da jika namiji, ɗan aji biyar a firamare, nan Pauwa. Maigida nake ce masa, don tsokana. Yaro ne mai kai. Amma bakinsa ba ya riƙe magana, ƙafarsa kuma ta fi bakin sauri.

Uwarsa, ɗiyata Khadijatu, ungozoma ce a wani asibiti a Ƙanƙara. Asibitin ya ba ta ƙaramar kwamfuta. Ko tana gida, tana iya duba bayanan matan da take yi wa awon ciki. Wannan ya rage mata wahalar hanya.

Kwamfutar ba ta buɗewa haka kawai. Sai Khadijatu ta sa kalmar sirri, sannan a turo mata wata lamba a waya.

"Mama, ƙofa har biyu, kamar rumbun marowaci?" in ji Maigida.

"Abin da ke ciki ya fi hatsi," ta ce. "Amanar mutane ce."

Wata Asabar da hantsi, Khadijatu tana aiki a zaure. Sai akuyarmu ta tsinke igiya, ta faɗa wa shanyar masara. Khadijatu ta tashi a guje. Ta bar kwamfutar a buɗe.

Maigida ya leƙa. Ya ga sunan Fatsuma, matar maƙwabcinmu Gide. Yaron ya iya karatun boko. Ya karanta abin da likita ya rubuta: tagwaye ne a cikinta.

Ko takalmi bai sa ba. Ya tarar da mata cike da tsakar gidan Gide, suna ɓarar gyaɗa. Ya tsaya gaban uwar Gide.

"Hajiya, albishirinki!"

"Goro!"

"Fari ko ja?"

"Fari ƙal, ɗan nan. Faɗi!"

"Anti Fatsuma tagwaye za ta haifa! Na gani a kwamfutar Mama!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Hajiya ta cika masa hannu da dabino. Ita kuwa Fatsuma ta ja mayafi, ta shige ɗaki. Cikin fari ne. A wurinmu, mace ba ta shelar cikin fari. Ko uwarta ba ta kai ga faɗa wa ba.

Maigida ya dawo yana tauna.

"Wa ya ba ka dabino?" na tambaye shi.

Ya ba ni labari yana washe baki.

"Ajiye shi," na ce. "Ka yi ɓarna."

"Kaka, ai labarin daɗi ne!"

"Daɗin nata ne. Kai mi ya kai ka?"

Bayan la'asar Gide ya yi sallama. Fuskarsa ba walwala.

"Malama, Fatsuma ta ce ta bar zuwa awo," ya ce wa Khadijatu. "Wai asibitin da zai kai sirrinta tsakar gida, ba da ita ba."

Khadijatu ta dafe kai. "Gide, mai cikin tagwaye ba ta wasa da awo. Akwai haɗari gare ta, akwai ga yaran."

Maigida yana bayan ƙofa yana ji. Sai hawaye.

Khadijatu ba ta ɓoye ba. Ta kira Malam Sanusi, mai kula da kwamfutocin asibitin, ta faɗa masa komai. Nan take ya rufe mata hanyar shiga.

"Ki kawo ta ran Litinin," ya ce. "Zan saita ta. Da kin tashi daga gabanta, za ta kulle kanta."

Ran Talata na ja hannun Maigida, uwarsa na biye da kwamfutar. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Fatsuma.

"Anti, ki yafe mini. Ba asibiti ba ne. Ni ne na leƙa abin da ba nawa ba."

"Ni ma da laifina," in ji Khadijatu. "Na bar ta a buɗe."

Fatsuma ta ɗaga labule. "To, in na koma, mi zai hana gobe in ji awon jinina a kasuwar 'Yankara?"

Khadijatu ta buɗe kwamfutar. Ta matsa gefe. Kafin a ce mi, fuskar kwamfutar ta rufe.

"Zo ka gwada," ta ce wa ɗanta.

Maigida ya danna nan, ya danna can. Ba ta buɗe ba. Ya yi gumi.

"Danna da ƙarfi, Malam mai shela!" in ji Fatsuma. Dariya ta kuɓuce mata. Mu ma muka taya ta.

"Ki koma awo, Anti," ya ce. "Don Allah."

"Zan koma. Amma ba don kyan fuskarka ba."

Ta kuwa koma, ba fashi. Bayan an gama girbi ta sauka lafiya, mace da namiji. Ranar suna aka ɗora wa Maigida namijin a cinya. Nan take jaririn ya jiƙa masa sabon wando.

"Ka ga, ya rama wa uwarsa," na ce.

Gida ya kaure da dariya, har da shi.

Yara, ku ji ni da kyau. Bayanin lafiyar mutum amana ne. Kada ku leƙa waya ko kwamfutar aikin manya. In kuma idonku ya gani, to bakinku ya yi shiru. Labarin wani, ko mai daɗi ne, mai shi ke faɗa.