Gishiri a Finjalin Mirsad

Ƙafafunta na fara gani kafin fuskarta.

Ta miƙe su a kan katakon barandar bukkar da ta kama haya, tana kaɗa yatsu, sanye da jar safar ulu mai zanen ƙahon rago a idon sawu. Na tsaya cak da farantin karin kumallon da na kawo mata.

Safata ce! Wadda na kwashe lokacin sanyi ina saƙa wa saurayina Mirsad, har yatsuna suka yi kanta.

"Almasa, ajiye mana, kin tsaya kamar an dasa ki," in ji Sanela tana murmushi.

Sanela 'yar birnin Sarajevo ce. Duk lokacin zafi sai ta hayo dutsen Bjelašnica ta kama ɗaya daga bukkokin katakon da mahaifina yake ba baƙi haya. Kuma duk cikin samarin ƙauyenmu da ke yi wa baƙi jagora zuwa ƙololuwa, ba ta yarda da kowa sai Mirsad. Wai shi ya fi sanin hanya. Hanya ko? Hmm.

"A ina kika samu wannan safar?"

"Au, wannan? Mirsad ya ba ni shekaranjiya a kan dutse. Da hannunsa ma ya saka min..." Ta ɗaga ƙafa tana juyawa. "Wai gaskiya ne a nan idan budurwa ta saƙa wa saurayi safa, alkawari ne? To idan saurayin ya ba wata fa?"

Ashe ta sani. 'Yar rainin hankali, ta sani sarai!

Na dire farantin har madara ta fantsalo mata, na juya ban ce a ci lafiya ba. Na wuce gida.

Abin takaicin, Juma'ar nan ce su Mirsad za su zo neman aurena. Ba ƙaramin dambe aka sha ba kafin Babo, mahaifina, ya yarda. Shi da Baba Hajrudin, mahaifin Mirsad, ba sa ga maciji a kan idon ruwan da ke tsakanin bukkokinmu da filin da suke kafa wa baƙi tanti. Kullum Babo yana cewa, "Ni in ba ɗan masu tanti 'yata? Mutanen da iska ke kwashe musu sana'a?" Sai da Nana, kakata, ta yi yajin dafa masa pita, abincin da ya fi so, kafin ya sauko.

Da yamma ina shanya zannuwan gado, sai ga Mirsad a bakin shinge, yana ɗan ɗingishi.

"Almasa, zuciyata, tsaya ki ji..."

"Zuciyarka tana bukka ta ƙarshe, ta miƙe ƙafa."

"Wallahi ba yadda kike zato ba ne."

"Ka ba ta ko ba ka ba ta ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ba ta."

Shi ke nan abin da nake son ji. Na shige gida na banko ƙofa. Ɗingishin kuwa na gani, na ce can ta matse masa.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci suka iso, shi da iyayensa. Ina madafi ina jin su suna tuɓe takalma, ana gaisawa sama-sama. A wurinmu ba a tambayar budurwa da baki. Gahawar da ta miƙa wa saurayi ita ce amsarta: in da sukari, ta amince; in da gishiri, dangi su tashi, kuma ba sa sake tako gidan da wannan maganar har abada.

Na jera finjalai. Na ɗauko gwangwanin gishiri.

Nana ta kama hannuna. "Ke! Kishi kumallon mata ne, amma ba a amayar da shi a finjali."

"Sake ni, Nana."

"Za ki yi kuka."

"Na riga na yi."

Cokali guda na zuba, tuli. Na tuna yatsun Sanela suna kaɗawa, na ƙara rabi.

Na shiga kaina a ƙasa, na miƙa wa manya nasu, na miƙa masa nasa. Ya karɓa. A lokacin ne idona ya sauka a ƙarƙashin teburi.

Ƙafafunsa tsirara. Babu safa! Mutum ya zo neman aure gidan surukai babu safa! Duga-dugansa duk sun saɓule, yatsun sun yi jawur, wani wurin har jini ya bushe. Kafin in yi wani abu, finjali ya riga ya kai bakinsa.

Kowa ya zuba masa ido.

Ya kurɓa. Na ga maƙogwaronsa ya motsa, idonsa ya kawo ruwa. Bai ajiye ba. Ya ɗaga kai ya shanye tas, har da diddigar ƙasan.

"Yaya?" in ji Babo.

"Zuma," in ji Mirsad, muryarsa a shaƙe. "Ban taɓa shan mai zaƙinta ba."

Mahaifiyarsa ta fara hamdala. Ni kuwa haushi ya turnuƙe ni. Wato har amsata ma zai sace?

"Ƙarya yake yi! Gishiri na zuba!"

Tabɗijam. Baba Hajrudin ya miƙe yana gyara hula, fuskar nan kamar hadari. "Tashi mu tafi, Mirsad. An ba mu amsa."

Babo ya shafa gemu, ban ga alamar ya ji zafin abin ba.

"Ba inda za ni, Baba," in ji Mirsad. Ya juyo gare ni. "Almasa, safarki ban taɓa hawa dutse da ita a ƙafa ba, a cikin riga nake saka ta kada ta ƙoƙe. Ran nan ƙanƙara ta rufe mu a sama, yarinyar nan ta zurma cikin rafi, yatsunta suka koma shuɗi. Baƙuwar Babonki ce, a hannuna aka damƙa ta. In bar ta ta rasa ƙafa?"

"Sai ka bar mata kyauta!"

"Na je karɓa, ta ce ta ɓata."

"Ta ɓata a ƙafarta?"

Mahaifiyarsa ta fashe da kuka. "'Yar nan, tun ranar ya ƙi saka safa. Na ba shi tawa saƙar, ya ce bayan taki ba zai saka ta kowace mace ba, ko da ni da na haife shi. Haka yake zura takalmin dutse yana hawa da baƙi. Dubi ƙafar ɗana!"

Na sake dubawa. Wayyo Allah... Hawaye suka ɓalle min. Ina son shi, ina jin haushinsa, kuma da hannuna na rufe ƙofar.

Baba Hajrudin har ya kai bakin ƙofa. "Gishiri dai gishiri ne."

Sai Nana ta lallaɓo da sandarta. Ta ɗauki finjalin Mirsad, ta leƙa, ta kifa shi a tafin hannunta. Ko ɗigo.

"Wane gishirin? Wanda ya sha ya ce zuma ce, finjali kuma babu shaida. Hajrudin, zauna, tun kana yawo ba wando na san ka. Kai kuma," ta nuna Babo da sanda, "daina wannan murmushin. Almasa, gahawar nan ta huce. Koma ki dafo wata."

Da gudu na koma madafi. Na zuba sukari har cokali ya tsaya da kansa a finjalin.

Da ya kurɓa sai ya yamutsa fuska. "Masoyiya, wannan ai ta fi ta farkon wahalar sha."

"Shanye!"

Ya shanye. Har Babo sai da dariya ta ƙwace masa.

Washegari na kai wa Sanela karin kumallo. Tana ganina ta fara ƙoƙarin tura ƙafa ƙarƙashin kujera.

"Bar ta, na bar miki," na ce. "Abin da ya shiga ƙafar wata ba zai koma ta mijina ba. Ki dawo lokacin kaka ki sha biki, ki tako da ita."

Ba ta ƙarasa kwanakin hayarta ba.

Na saƙa wa Mirsad sabuwa, wannan karon a ƙafa yake saka ta, ni nake dubawa kafin ya fita. A jakarsa kuma na cusa safar kanti domin baƙin da za su ƙara zurmawa a rafi. Ni na zaɓo ta da kaina a kasuwa: ruwan toka, mummuna, mai ƙaiƙayi.