Ba Tawa Ba Ce

A wani gari can, an yi wani mai shanu da garkensa ke bakin hanyar mota. Dokar garin kuwa, duk dabbar da ta fita hanya ta yi ɓarna, alhakin yana wuyan mai ita.

Shingensa na ƙaya ya ɓarke ta gefe guda. Matarsa ta ce, "Maigida, a toshe ɓarakar nan."

Ya ce, "Gobe."

Gari ya waye ta sake magana, ya ce, "Gobe."

Ran kasuwa da hantsi, wata jar saniya mai shayarwa ta bi ta ɓarakar ta faɗa hanya. Wani maɗinki ya taho a babur ya yi karo da ita. Da shi da saniyar, babu wanda ya tashi.

Mai shanu ya riga kowa isa wurin. Ko kallon maɗinkin bai yi ba. Ya zaro wuƙa ya yanke kunnen saniyar, mai ɗauke da tsagar garkensa, ya cusa a aljihu.

Dagaci ya iso da jama'a, ya ce, "Malam, saniyarka ce?"

"Ranka ya daɗe, ba tawa ba ce."

"Duba da kyau dai."

"Ba tawa ba ce."

Can gida kuwa, maraƙin saniyar ya dami matar mai shanu da kuka, ta kwance shi. Ya bi ta ɓarakar nan, ya ratsa jama'a, ya durƙusa jikin mushen yana lalubar nono.

Dagaci ya ce, "Shi ma ba naka ba ne?"

Mai shanu ya sunkuyar da kai. Sai ya ga jini ya rine aljihunsa.