Ketaki da Waƙoƙin Matan Gabas

Ranar da dangin Niladri suka zo ganin yarinyar da yake nema, tun safe ake goge-goge a gidan su Ketaki a Kalkata. Niladri ya ja ta gindin matakala yana share gumi.

"Ki rufa mini asiri, na gaya wa Ma, mahaifiyata, yara kike koya wa waƙa. In an ce ki rera, ki yi ƙasa-ƙasa."

"Au! Da ƙarya za mu buɗe auren?"

Aka kawo shayi da alewar madara. Kamar yadda aka saba, mahaifiyarsa Protima ta ce yarinya ta yi musu waƙa. Ketaki ta buɗe baki, falon ya yi tsit. Muryar ta fi ƙarfin ɗakin.

"Wannan ba muryar aji ba ce," in ji Protima. "A ina kike waƙa, 'yar nan?"

"A kulob ɗin wani otal na Titin Park, Mashima," in ji Ketaki, tana kiranta da sunan girmamawa, wato inna.

"Gaban maza da kwalabe?" Ta ture farantin alewar ba ta taɓa ba, ta miƙe.

Washegari Niladri ya zo idanu jajur. "Mu je kotu a ɗaura kawai, Ma za ta huce."

Ketaki ta share hawaye. "Ba zan bar waƙa ba, ba kuma zan sace ɗa daga hannun uwarsa ba. In za ka iya jira, ka jira."

Ya jira. Shekaru suka shuɗe, sunan Ketaki ya wuce kulob ya kai rediyo da manyan zaure, har aka naɗa ta daraktar bikin fasaha na birnin. Ta ƙudura a bikinta na farko za a ji waƙoƙin aure na matan da suka yi hijira daga gabas lokacin da aka raba ƙasar gida biyu. Duk tsohuwar da ta tambaya amsa ɗaya ce: "Ai Protima ce ta san su duka. Tun da ta yi aure surukarta ta hana ta, ba ta ƙara buɗe baki ba."

Ketaki ta yi ta maza ta je ta roƙe ta ta rera su a bikin. Protima ta dube ta sama da ƙasa.

"Da dandamali za ki saye ni?"

"A'a, Mashima. Ki ci gaba da ƙina, ba zan ji haushi ba. Amma in kika tafi da waƙoƙin nan, sun tafi ke nan."

"Muryata ta yi tsatsa."

"Tawa na nan, zan riƙe miki amshi."

Ranar bikin, tsohuwar ta tsaya gaban makirufo. Baitin farko ya karye, Ketaki ta tallafe shi daga baya. A na biyu muryar ta miƙe, tsofaffin mata a zauren suka fashe da kuka suna amshi.

Da suka sauko, Protima ta cafke hannun Ketaki ta juya ga ɗanta.

"Kai, ka tsaya kana kallona kamar gunki! Je ka nemo mai sa rana. Bouma, riƙe ni mu tafi."

Bouma — sunan da uwa ke kiran matar ɗanta da shi. Ketaki ta sunkuya ta taɓa ƙafafun Protima don girmamawa.

Da ta yi ƙarya, da ta sami miji ta rasa muryarta. Da ta gudu kotu, da ta raba ɗa da uwa. Gaskiya da haƙuri sun ɗauki lokaci, amma su suka ba ta duka.