Koren Zare a Madubi

Kafin iyayensu su sani, kafin su kansu yaran su sani, ni Tanko mai faci na riga na gani. Ban taɓa zama a aji ba, amma mutumin da kwalara ta share unguwarsu ta bar shi, ya kuma fito daga ƙarƙashin motar rake da ƙafafunsa, ba ya buƙatar allo kafin ya karanta fuskar mutum.

Da damina ne, da hantsi, wata Bushiya ta mutu a gaban rumfata a Kurmin Kogi. Bushiya wata 'yar mota ce mai doro, hancinta a ƙasa, sunanta na kamfani ba ya hawa harshenmu, shi ya sa aka laƙaba mata wannan. A lokacin daga Ikara zuwa Kudan ba su cika yatsun hannu ba. Mutane dariya suke yi wa masu ita, su kuwa dariyar ce ta haɗa kansu. Kowa yana ɗaura koren zare a madubinsa. In biyu suka haɗu a hanya, kowa ya ƙyafta wa ɗan'uwansa fitila sau biyu. In ɗaya ta lalace, ba a wuce ta, ko ɗaurin aure ake sauri.

Wanda ya kafa wannan doka, Alhaji Sambo na Makarfi, shi ne zaune a cikin motar da ta mutu, gwiwarsa a kumbure. 'Yarsa Radiyya, malamar asibiti, ita ke tuƙa shi. Ta fito ta buɗe gaban motar tana kallon inji kamar mara lafiyar da ya ƙi faɗin inda ke masa ciwo.

Sai ga wata Bushiyar daga wajen Ikara, ta ƙyafta, ta tsaya.

Ikrama ne. Motar ta yayansa Abdurra'uf ce, wanda ciwon ƙoda ya ɗauke a shekarar da ta wuce. Tun daga ranar jana'izar, Ikrama bai yi kuka ba, bai kuma yi dariya ba. Abinci a bakinsa kamar ƙaiƙayi. Yana tuƙa motar ne saboda an bar masa makulli, yana tsayawa saboda ya ga yayansa yana tsayawa.

Ya durƙusa ya gai da Alhaji, ya tambayi gida da damina da jiki, sannan ya sunkuya ya ɗaure wayar batir da ta kwance. Radiyya ta riƙe masa murfin. Ta ce masa a asibitinsu likita yakan tambayi sunan mara lafiya kafin ya taɓa shi. Ya ce sunanta Bushiya. Ta ce ba ita take nufi ba, mai riƙe da murfin take nufi, hannunta ya gaji.

Bai yi murmushi ba. Amma na ga ya gama ɗaure wayar, ya kwance, ya sake ɗaurewa. A nan na gane.

Alhaji da kansa ya karɓi lambarsa, ya ce ɗan zare ba baƙo ba ne. Kafin a yanke dawa, Ikrama ya san tabarmar zauren gidan. Ita tana kiransa Likitan Bushiya, shi yana kiranta Direba. Saƙonninsu ya sha karanta mini a kan bencina, ni kuwa abin da ya shiga kunnena ba ya fita.

Ta rubuta: “Likita, ka ci abinci? Ba cewa na yi ka haɗiye ba, cewa na yi ka ci.”

Ya amsa: “Na ci, Direba. Ban ji ɗanɗano ba, amma na tuna ke kika ce.”

Ta ce: “Ya isa na yau. Gishirin zai dawo, ina nan.”

Ana haka sai duniya ta juya. Kamfanin ya turo sabuwar Bushiya mai araha, aka buɗe wajen sayarwa a Zariya. Kafin wata damina, motar da ake yi wa dariya ta cika titi. Malaman makaranta suka saya, 'yan haya suka saya suna loda tumatir har saman rufi. Ka ƙyafta wa mutum fitila, ya ɗauka 'yan sanda ne a gaba, ko ya leƙo ya zage ka. Tsofaffin 'yan zare suka taru a zauren Alhaji suka yanke cewa sabuwa ba 'yar'uwa ba ce, ba a ƙyafta mata, ba a tsaya mata. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Ukasha, dillalin mazarƙwaila, wanda ya daɗe yana kai wa gidan Alhaji tsaraba ba a san dalili ba, ko da yake ni na sani.

Ikrama kuwa mai neman aure ne, ba shi da sana'a. Da aka nemi masu kai sababbin motoci ga waɗanda suka saya, sai ya shiga. Alhaji ya ji, ya ce dai halal ce. A kwanakin farko Ikrama yana ƙyafta wa duk Bushiyar da ya gani, tsohuwa da sabuwa. Ba mai amsawa. Yau babu, gobe babu, har hannunsa ya daina tashi.

Wata rana da azahar, a bazara, yana kai wata sabuwa Kudan. Dab da Likoro ya hango mota a gefen titi, fitilarta tana ƙyaftawa. Ya gan ta sarai. Ya ga dattijo jingine da ƙofa. Idonsa ya gani, amma bai kai wa ƙafarsa labari ba. Sai da ya yi nisa sannan ya gane hular Alhaji ce. Ya ce a ransa wani zai tsaya, ya ci gaba da tafiya.

Wani ya tsaya ɗin, bayan rana ta gasa Alhaji har ƙafarsa ta ƙi shiga takalmi. Ukasha ne.

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya aika wa kawun Ikrama cewa ba zai tilasta wa 'yarsa kowa ba, amma ba zai ɗaura mata aure da wanda ya wuce ɗan'uwa a hanya ba, domin mai wuce mota zai wuce mata. Ya kuma sa Ukasha ya je Ikara ya yanke zaren da ke madubin motar Ikrama.

Ikrama yana tsaye aka yanke. Abdurra'uf ne ya ƙulla zaren nan da hannunsa. Ukasha ya jira ya ga ko za a ja da shi, har ya ce in akwai magana a yi. Babu. Ikrama ya yi masa sannu da hanya.

Radiyya ta ɗauka kunyarsu ya ji, wai shi yanzu ɗan kamfani ne, ba zai tsaya wa tsohon ƙarfe ba. Ta rubuta ta tambaye shi. Ya amsa mata da gaskiya.

“Ba kunya ba ce, Direba. Na gan shi. Ban ji komai ba ne kawai.”

Amsarta ta daɗe ba ta zo ba.

“Da kunya ce, da na yi fushi na huce. Amma ka ce ba ka ji komai ba. To ranar da na lalace a cikin gidanka, na ƙyafta maka, wa zai tsaya? Na ce wa Ukasha a'a. Kai ma ban ce maka i ba.”

Daga nan ta daina rubuto masa. Shi ma ya ci gaba da kai motoci, yana sallah, yana haɗiye tuwo. In ya zo rumfata ya zauna ya zuba wa titi ido. Na ce masa ni da tirelar rake ta taka rumfata ina ciki ban zauna haka ba. Ya ce Allah Ya ƙara lafiya, Baba. Abu ɗaya na lura: in zai shiga motarsa, yatsansa yana shafa wurin da zaren ya bar fari a ƙarfen madubi.

Da ruwan farko ya sauka, a hanyar Makarfi, ya tarar da wata sabuwar Bushiya ta haya ta mutu, mata sun fito suna kare kai da gyale. Direban bai ƙyafta ba, bai ma san ana yi ba. Ikrama ya ce mini bai yi shawara da kansa ba, ƙafarsa ce ta taka birki. Ya gyara. Direban ya sa hannu a aljihu, Ikrama ya ce ya bari, in ya ga irinta a gefen hanya ya tsaya, in sun haɗu ya ƙyafta sau biyu, shi ke nan.

Washegari ya sayi ƙullin koren zare a kasuwar Ikara.

Daga ranar bai sake wuce ko ɗaya ba. Ta malami, ta ɗan haya, ta mai kai kaji, duk wadda ya tsaya wa sai ya ɗaura mata zare ya faɗi dokar. Motocin kamfani suka riƙa isa a makare, wani lokaci da laka har kujera. Aka gargaɗe shi, aka sake, aka sallame shi. Bai gaya wa Radiyya ba. Ya koma tsohuwar motar yayansa, yana ɗaukar masara daga gonaki, yana ci gaba da tsayawa. Ukasha ya kai ƙara zaure, wai yaron nan yana raba zarensu ga 'yan tasha kamar goron suna. Alhaji kuwa ya daɗe da hana Radiyya ƙyafta wa kowa, domin ya gaji da gaisuwar da ba a amsawa.

Ranar wata kasuwar Makarfi, bayan kaka, Radiyya ta ɗauko mahaifinta zuwa Ikara. Ba su yi nisa ba wata sabuwa ta ƙyafta musu. Alhaji ya ce kuskure ne. Ta biyu ta ƙyafta. Ta uku, mai buhunan barkono a sama, ta ƙyafta har da ɗaga hannu. Radiyya ta ce da ta dubi gefenta, ta ga mahaifinta ya riƙe bakin tagar da hannu biyu. Da ta huɗu ta taho, shi da kansa ya miƙa hannu ya amsa.

A rumfata suka tsaya. Akwai wani direban haya, Saminu, yana jiran faci, da zare sabo fil a madubinsa. Alhaji ya kira shi, suka gaisa, ya tambaye shi wa ya ɗaura masa.

Saminu ya ce, “Wallahi Baba ban san sunansa ba. Mu a tasha Mara Zare muke ce masa. Kowa ya ɗaura wa, shi nasa madubin babu. Na tambaye shi, ya ce an yanke, kuma da gaskiyar wanda ya yanke.”

Alhaji ya zauna a bencina. Sannan ya ce wa Radiyya ta kira Ikrama.

Ta rubuta: “Likita, muna wajen Baba Tanko. Na ƙyafta.”

Kafin facin Saminu ya bushe, sai ga shi, riga duk baƙin mai. Ya durƙusa. Alhaji ya tashi da kyar, ya ɗingisa zuwa motarsa, ya kwance nasa zaren, wanda rana ta cinye har ya koma ruwan toka, ya je ya ƙulla a madubin motar Abdurra'uf.

Ya ce, “Ni na kafa dokar, amma na wuce sababbi sun fi a ƙirga. Kai kuwa mota ɗaya tak ka wuce. Ka turo magabatanka.”

Kukan da Ikrama bai yi a maƙabarta ba, a gaban tayoyina ya yi shi. Radiyya ta juya baya ta bar shi ya gama, sannan ta ce ba tare da ta waiwayo ba, yanzu kam i.

An ɗaura aure a Makarfi bayan sallar Juma'a. Ba wani shagali aka yi ba, amma da za a kai amarya Ikara, Bushiyoyi suka jeru, tsofaffi da sababbi, ba wanda ya gayyaci rabinsu. Ukasha ma ya zo, fuska a ɗaure, amma da ta kawun ango ta mutu a hanya shi ya fara tsayawa. Da aka kawo wa ango abinci ya ci loma ɗaya, ya ajiye cokali, ya ce gishiri ya yi yawa. Amarya ta ji, ta ce alhamdulillahi. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai tsayawa mutane, Ya jiƙan Abdurra'uf.

Wanda ya ce tsoho ya ƙara gishiri, kada ya yi gardama da ni. Ya ari Bushiya, ya kashe ta tsakanin Likoro da Kurmin Kogi, ya ƙyafta sau biyu. In aka wuce shi, ya zo ya ɗauki famfona da bencina, na bar masa.