Abin da Ya Biyo Magatakardan Filaye Gida

Yammacin da abin ya fara bai bambanta da sauran ba. Maman Auta ta rufe keken ɗinkinta, ta share ƙyallayen da suka zube a tsakar gida, ta ɗora tukunya. Mijinta, magatakarda a ofishin rajistar filaye, yana zaune kan kujerar roba a bakin falo, da jarida a cinyarsa wadda bai buɗe ba. Kwana tara ke nan bai je aiki ba. Ya ce mata hutu ya ɗauka. Ba ta ja maganar ba, amma ta san mai hutu ba ya zabura in waya ta yi ƙara.

Rana ta faɗi. Tsuntsayen da ke hayaniya a bishiyar maƙwabta suka yi tsit lokaci ɗaya. Sai dutse ya faɗo kan rufin kwano.

"Yaran unguwar nan sai addu'a," in ji magatakarda, bai ko ɗago kai ba.

Na biyu a cikin tukunya ya faɗa, daga sama sak, romo mai zafi ya fantsamar mata a hannu. Ta sa ludayi ta tsamo shi. Ɓallin bulo ne, da shuɗin fenti a gefe guda, kuma duk da tafasar da ya fito daga ciki, sanyi ƙalau yake, da gansakuka a jikinsa. Tana cikin juya shi na uku ya sami mijinta a goshi. Jini ya wanke masa ido, ya sauka kan jaridar.

Haka aka yi kwana uku. Da an kira sallar magariba jifan zai fara, ba ya tsayawa sai an kira isha'i. Maƙwabta suka hau katanga da fitilu, ba su ga kowa ba. Gilasan tagogi suka ƙare. A rana ta uku murya ta fara fitowa daga randar banɗaki, mai kauri, mai amsa kuwwa kamar daga ƙasan rami, tana maimaita wata lamba a hankali. Maman Auta ba ta san lambar mece ce ba. Amma ta ga mijinta ya jingina da bango, ya toshe kunnuwansa, sai ta gane shi ya sani.

'Yarsu guda ce a gida, yayyenta duk sun yi aure. Auta shekararta sha shida, yarinya mai dariya, wadda ke shafa sanƙon ubanta ta ce za ta duba fuskarta a ciki. A rana ta huɗu ta tafi famfo ɗebo ruwa. Ta daɗe. Da uwar ta leƙa, sai ta gan ta tsaye, bokiti ya cika yana zuba a kan ƙafafunta, idanunta a kafe.

"Auta? Ke da wa kike?"

Yarinyar ta juyo, ta wuce uwarta kamar ba ta gan ta ba, ta shiga falo. Ta kama hannun ubanta na dama, a hankali, kamar za ta gaishe shi.

"Wannan ne ya sa hannu?" Muryar tsoho ce ta fito daga bakinta.

Maman Auta ta ji ƙarar ƙashi kafin ta ji ihun mijinta. Yatsu uku yarinyar ta karya, ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗaga shi, mutum mai ƙiba, ta maka da kabad. Uwar ta rungume ta ta baya tana salati, aka yi jifa da ita kan keken ɗinki, leɓenta ya fashe. Sai da maza huɗu suka shigo suka danne yarinyar, ɗayansu ya fita da cizo har ƙashi. Da aka kira isha'i ta sulale ta yi barci.

Da safe, mijin na wurin mai ɗori, Maman Auta ta buɗe jakar aikinsa, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara ashirin da takwas da aurensu. Ta sami takardar dakatarwa daga aiki, da sammacin kwamitin ladabtarwa. Ta karanta sau biyu. Shekara uku da suka wuce ruwa ya ci ɗakin ajiyar ofishinsu, aka ba shi aikin sake rubuta takardun mallakar da suka lalace. Ana tuhumarsa da sake fitar da takardar wani gida da sunan wani ɗan kwangila, ba sanarwa, ba awo, ba a kira mai gidan ba. Lambar filin ita ce wadda randa ke faɗa. A ƙasan jakar kuma akwai wani tsohon shafi da ruwa ya ci rabinsa, amma sunan mai gidan na ainihi yana nan raɗau.

Da ya dawo ta ajiye masa su a cinya.

"Wa ya ce ki taɓa mini kaya?"

"Baban Auta, 'yata ce a ɗaure da igiya a ɗaki. Gidan wa ka bayar?"

"Wani tsohon kafinta ne. Ba ni kaɗai ba ne, kowa ya yi. Gobe zan gaya wa kwamiti akawun da ya rasu bara ne ya shigar da sunan, shi ke nan magana ta mutu."

"Mamaci za ka ɗora wa?"

"To so kike a kore ni? Ki ci me?"

Ta ɗauki mayafi ta tafi gidan yayanta.

Yayan ne ya kawo wani malamin ruƙiyya, dab da magariba. Siririn dattijo ne mai sanyin magana, ba ya ɗauke da komai sai Alƙur'ani da gorar ruwa. Ya sa aka kwance igiyar, aka zaunar da Auta kan tabarma, uwarta na riƙe da kafaɗunta. Ya yi sallah a nan tsakar gida, duwatsu na faɗuwa dama da hagu, bai waiga ba. Da ya sallame ya matso ya fara karatu.

Jikin yarinyar ya sanƙare. Ta banƙare har kanta ya kusa taɓa diddigenta, ta yi wani gurnani da ya sa yayan ya ja baya. Ta kai wa malamin yakushi, ta tsaga masa kunci. Jini na ɗiga kan rigarsa, bai katse ayar ba. Ya tofa a ruwa ya yayyafa mata.

"Ya isa! Kana ƙona ni!"

"Wane ne kai?"

"Maƙwabcin kafinta. A rijiyar gidansa nake tun kakansa bai zo duniya ba."

"Me ya kawo ka jikin yarinyar mutane?"

Muryar ta yi ƙasa, ta zama ta mai ba da labari. "In zai ja ruwa sai ya yi mana sallama. Ba mu taɓa fasa masa ko guga ba. Ran nan da hantsi aka zo da motar rusau da ƙarti masu sanduna. Ya fito da takardarsa, suka nuna masa tasu sabuwa. Suka buge shi har ƙugunsa ya karye, suka ja shi ta ƙafa zuwa titi, jikokinsa na kallo. Suka ture gidan, suka cika rijiyar da ɓaraguzan ginin. Ba na nan. Matata da 'ya'yana biyu suna ciki."

Maman Auta ta ji hawayen 'yarta na sauka a bayan hannunta, masu sanyi kamar ruwan tulu.

"Na bi mai motar, ya ce aiko shi aka yi. Na bi ɗan kwangila, ya ce da takardarsa. Na bi takardar, ta kawo ni nan."

"Allah ya isar maka," in ji malamin. "Amma yarinyar nan ba ta sa hannu a komai ba. Ka zo kukan zalunci kana zalunci. Fita."

"A ba ni hannunsa daga wuyan hannu, in tafi."

"Ba za a ba ka ba."

"To a ba ni ita. Biyu na rasa, ɗaya na nema."

Uwar ta ƙanƙame 'yarta. Malamin ya ɗaga murya da karatu, yarinyar ta yi ta buga kanta da ƙasa har goshinta ya kumbura, sai uwar ta sa tafinta a tsakani, ƙasusuwan hannunta na karɓar bugun.

"Tsaya! Tsaya, malam!" in ji muryar. "To magatakarda ya faɗa da bakinsa. In ji kawai."

Malamin ya juya wurin magatakarda, wanda ke raɓe a bakin ƙofa da hannu a naɗe. "Zan iya ci gaba har ya ƙone. Amma yarinyar za ta sha wuya kafin nan. Abin da ya faɗa, gaskiya ne?"

Jifan ya tsaya cak.

"Baban Auta," in ji matarsa, ba ta ɗaga murya ba, "dubi fuskarta."

Ya duba. Ya durƙushe a inda yake. "Ni ne. Na ga sunan tsohon a shafin, na cire shi na ɓoye. Akawu bai san komai ba. Ni ne."

"Gobe ka maimaita a gaban masu tuhumarka," in ji muryar. "A mayar wa kafinta gidansa. A tone rijiyar in binne nawa. In ya yi ƙarya zan dawo, kuma ba da duwatsu ba."

"Ba za ka dawo ba," in ji malamin. "Hukunci ba naka ba ne. Ni zan raka shi har ƙofar ofishin. Ka rantse da wanda ya halicce ka."

An daɗe kafin aljanin ya rantse. Ƙafar yarinyar ta hagu ta yi karkarwa, ƙaramin yatsan ya miƙe, ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki a ƙirjin uwarta.

Washegari magatakarda ya ajiye tsohon shafin a teburin kwamiti, ya faɗi komai. Ba a yi masa sassauci ba. Aka kore shi daga aiki, aka soke takardar ɗan kwangila, aka miƙa su biyun kotu. Kafinta ya karɓi takardarsa a kwance a gidan 'yarsa, don bai sake takawa ba. Da aka zo tonon rijiyar, magatakarda yana cikin leburori, yana kwasar ɓaraguzai da hannun hagu, don na daman ya ɗoru a karkace, ko cokali ba ya riƙewa.

Auta ta yi mako biyu a kwance. Ba ta tuna komai ba, kuma an hana kowa gaya mata. Ranar da ta fara fitowa tsakar gida, ta zauna kusa da keken ɗinki tana zare wa uwarta zare, ta daɗe tana kallon ubanta yana fama da maɓallin riga.

"Mama, wai wa ya karya wa Baba hannu?"

Maman Auta ta dubi siraran yatsun yarinyar da zaren ke naɗe a kai.

"Ni na karya abina, Auta," in ji uban. "Zo ki sa mini maɓallin nan."